HIKIMA, TSORO DA KASADA: DARASI DAGA GARIN SULEJA

Kowane ɗan Adam an halicce shi da tsoro, kuma ba wanda zai zauna duniya bai taɓa yin kasada ba. Manomin da ya binne irinsa da ruwan farko kasada ya yi, haka ɗan kasuwar da ya ɗaure kayansa ya nufi garin da bai sani ba. Aikin hikima shi ne ta bambance wa mutum tsoron da ke tsare rai da tsoron da ke hana ci gaba. Tarihin garin Suleja na Jihar Neja ya isa misali ga duk ɗan ƙasa mai son fahimtar wannan.

Tsoro Mai Amfani

A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, mayaƙa suka tasam ma birnin Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya ga ba shi da ƙarfin tsayawa, sai ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828, a tsakanin duwatsu da rafuka inda dawakin abokan gaba ba su da filin sukuwa, aka kuma kewaye shi da ganuwa. Garin ya riƙe kansa har zuwan Turawa a 1902. Wannan gari ne aka sake wa suna Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, bayan da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birnin da aka zartar da kafawa a 1976.

Mai gajeren tunani zai ce Makau gudu ya yi. Amma da ya tsaya faɗan da ya fi ƙarfinsa, da wuya a sami sarautar da ake gado a Suleja har yau. Watau ja da baya a lokacin da ya dace ba ragwanci ba ne.

Kasada Mai Amfani

A 1951 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya zo garin don kafa makarantar koyar da ginin tukwane na zamani. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata 'yar Gwari daga Kwali, wadda ake kira Ladi Kwali. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko a cikinta. Ta riga ta yi suna a ginin hannu, amma ta yarda ta koma ɗaliba a tsakiyar maza, ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da gasa tukwane a tanderu mai tsananin zafi, ba tare da ta yar da zanen gargajiyarta ba.

Daga baya ta nuna fasaharta a Ingila da Jamus da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Abin lura a nan shi ne, da abin bai yi kyau ba, sana'arta tana hannunta, sai ta koma gida ta ci gaba. Irin wannan ita ce kasadar mai hankali: ribarta babba, hasararta kuwa abar ɗauka.

Kasadar Wauta

Ran 18 ga Janairu, 2025, wata tankar fetur ta faɗi a mararrabar Dikko, kusa da Suleja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Jama'a suka taru da jarkoki da bokitai suna ɗibar man da ke malala. Wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasa rayukansu, wasu da yawa suka ƙone. Wata uku kacal kafin wannan, cikin Oktoba 2024, irin haka ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa, inda fiye da mutum 150 suka halaka. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gaskiya ne tsadar rayuwa tana tura mutum ga abin da bai so, amma ya kamata kowa ya san halin fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka yana bin ƙasa ya yi nisa ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya daga janareto, ko sigari, ko injin babur, ko gugar ƙarfe da ƙarfe, ya isa ya cinna wa wurin duka wuta. Duk wanda ya ga tanka ta faɗi, sai ya yi nisa da ita, ya hana yara zuwa, ya sanar da 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra, ko ya buga lamba 112.

Ma'aunin Mai Hankali

Kafin mutum ya jefa kansa cikin wani al'amari, ya kyautu ya tambayi kansa abu uku. Me zan samu in ta yi kyau? Me zan rasa in ta ɓaci? Abin da zan rasa, ana iya mayar da shi? Kuɗi da lokaci da ɗan jin kunya duk ana mai da gurbinsu, don haka kada tsoronsu ya hana kowa shiga makarantar yaƙi da jahilci, ko koyon sabuwar sana'a, ko gwada sabon iri a gefen gonarsa. Rai kuwa ba shi da madadi, kuma jarkar fetur ba za ta ciyar da marayu ba. Dogara ga Allah wajibi ne, amma dogarar gaskiya ba ta hana mutum ɗaure raƙuminsa.