Darasin noma: ƙasar gaɓar gulbi

Ƴan uwa manoma, a kwarin Gulbin Maraɗi ana raba ƙasa kashi 3: jigawa bisa tudu, fadama a gindi, ƙasar gaɓa tsakaninsu. Ambaliyar zamanin da ce ta jibge ƙasar gaɓa, yashi gauraye da laka.

Ga yadda ake gane ta. Ku gina rame mai zurfin metir 1: ba dutse, ba marmara. Samanta baƙi-baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye. Ruwan sama ba ya kwana kanta. In kun dunƙula ta da danshi tana kamawa, in kun murza ta watse.

Ƙarfinta daga itatuwa yake: gawo, tsamiya, kanya. Wanda ya sare su duka, gonarsa za ta gaji da wuri. In kuna sassabe, ku bar toho ya girma.