Dabarun Fifita Yankuna a Neman Zaɓe Karo na Biyu: Nazari a Kan Takarar Shehu Shagari ta 1983

Gabatarwa

Duk shugaban da ke neman a sake zaɓensa yana da abubuwa uku da ba su isarsa: lokaci, da kuɗi, da mutanen da zai aika. Saboda haka tilas ne ya zauna ya auna wane yanki zai fi ba ƙarfi, wane ne kuma zai leƙa kawai ya wuce. A wannan 'yar maƙala za mu duba yadda jam'iyyar NPN ta yi wannan awo lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya nemi komawa kan mulki a 1983.

Tushen Matsalar

Tsarin mulkin 1979 bai yarda a ci zaɓen shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai ba. Sai ɗan takara ya haɗa da samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, waɗanda a lokacin 19 ne. A zaɓen 1979 Shagari ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya bi shi da miliyan 4.9. Amma jihohi 12 ne kawai suka ba Shagari wannan rubu'i, Kano kuwa ta tsaya kusa da kashi 20 cikin 100. Sai da lauyansa Richard Akinjide ya kawo hujjar cewa biyu bisa uku na 19 shi ne sha biyu da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da zaɓen a watan Satumba na 1979. Wanda ya sha da ƙyar irin wannan, ba ya so ya koma gaban alƙalai. Manufar 1983 ke nan: a ƙara yawan jihohin rubu'i har gardama ta mutu.

Kashe-kashen Jihohi

Za mu iya kasa jihohin 19 gida uku. Kashi na farko shi ne na gida, wato jihohi bakwai da NPN ke da gwamna: Sakkwato, Bauci, Neja, Binuwai, Kwara, Ribas da Kuros Riba. Aikin da ke nan shi ne riƙo da fitar da jama'a ranar zaɓe. Kashi na biyu shi ne inda Shagari ya sami rubu'i amma gwamna na wata jam'iyya ne: Kaduna, Barno, Gongola, Filato da Bendel. Kashi na uku shi ne jihohi bakwai da suka hana shi rubu'in: Kano, Anambra, Imo, Oyo, Ondo, Ogun da Legas.

Abin lura shi ne, ƙuri'a dubu a Imo ta fi dubu goma a Sakkwato amfani wajen cika sharaɗin, domin Sakkwato ta riga ta shiga lissafi. Amma ko cikin kashi na uku ba a yi musu kuɗin goro ba. Ogun mahaifar Awolowo ce, Legas kuma tana hannun Lateef Jakande, don haka wahala a can ba ta da riba sosai. An fi karkata inda aka ga ɓaraka, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda Aka Bi Ɓarakar

A ƙasar Ibo, bayan Mataimakin Shugaba Alex Ekwueme, gwamnati ta yi wa Odumegwu Ojukwu afuwa a 1982, ya dawo daga gudun hijira a Kwaddibuwa, ya shiga NPN. Wannan ya rage wa Dakta Nnamdi Azikiwe da NPP ƙarfi a Anambra. A Oyo an dogara da Ibadan, garin shugaban jam'iyya Adisa Akinloye, aka tsai da ɗan garin, Omololu Olunloyo, ya kara da Bola Ige. A Ondo mataimakin gwamna Akin Omoboriowo ya bar UPN ya dawo NPN. A Kano kuwa PRP ta riga ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Abubakar Rimi ya koma NPP, sannan Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu na 1983. GNPP ma ta rabu a Barno da Gongola. Ƙawancen 'yan hamayya kuma ya kasa fid da mutum ɗaya tsakanin Awolowo da Azikiwe. Bugu da ƙari, hukumar zaɓe ta FEDECO ta sa zaɓen shugaban ƙasa a farko, saɓanin 1979, ta yadda nasararsa za ta ja sauran zaɓuɓɓukan.

Sakamako

A zaɓen 6 ga Agusta, 1983, an ba Shagari ƙuri'a sama da miliyan 12, da rubu'i a jihohi 16. NPN ta karɓi gwamnonin Anambra, Oyo, Bendel, Kaduna, Barno da Gongola. Sai dai Kwara ta suɓuce zuwa UPN saboda rikicin Olusola Saraki da Gwamna Adamu Atta; kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Ondo, da aka ce Omoboriowo ne ya ci, tarzoma ta ɓarke a Akure, aka yi asarar rayuka, daga baya kotu ta mayar wa Michael Ajasin kujerarsa. Zargin maguɗi ya game ƙasa, a lokacin da kuɗin mai ya faɗi, abinci ya yi tsada.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa lissafin yankuna ya biya bukatar tsarin mulki, domin ba a sake gardamar sha biyu da biyu bisa uku ba. Amma bai sa waɗanda suka faɗi sun yarda da faɗuwarsu ba. Ranar 31 ga Disamba, 1983, wata uku da rantsar da Shagari karo na biyu, soja suka kifar da gwamnatin, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. Sharaɗin rubu'i yana nan a tsarin mulkin 1999, don haka duk mai neman komawa kujera zai yi irin wannan awo, kuma ya kamata ya auna yardar jama'a tare da yawan jihohi.