Koya wa Yaro Sauraron Jikinsa Idan Ransa Ya Ɓaci

Iyaye da masu riƙon yara, idan ɗanku ya ce cikinsa na ciwo da safe lokacin tafiya makaranta, sa'an nan da rana kuka gan shi yana wasa, kada ku yi saurin cewa ƙarya yake yi. Tsoro da fushi da baƙin ciki sukan sauka a jikin yaro tun kafin ya san sunansu.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan mutum ya tsorata, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda sukan saki wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya yi gumi, narkewar abinci ta tsaya cik, ciki ya fara murɗawa. Wannan shiri ne na gudun tsira. Sai dai jikin yaro ba ya bambanta tsawar malami da haɗari na gaske. A garuruwanmu na bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, akwai yaran da suka taɓa gudu cikin dare saboda 'yan bindiga. Irin waɗannan, ƙarar babur kaɗai takan tayar musu da hankali. Wasu su koma fitsarin kwance bayan sun daina, wasu su zama mafaɗata. Bulala ba ta maganin wannan, ƙara shi take yi.

Matakin farko shi ne tambaya. Maimakon “Me ke damunka?”, wadda yaro ɗan shekara 6 ba zai iya amsawa ba, ku ce: “Nuna mini inda kake jin abin.” Zai dafa ƙirji, ko ciki, ko maƙogwaro. Sai ku sa wa abin suna tare: “Wannan bugun da kake ji, tsoro ne.” A wurin aiki na lura cewa da yawa daga cikin yaran sukan ɗan saki jiki da zarar babba ya yarda cewa abin da suke ji gaskiya ne.

Daga nan sai numfashi, kuma a nan nake so ku fi mai da hankali. Ku zaunar da yaron a kan tabarma, ya ɗora hannu ɗaya a cibiya. Ya shaƙi iska ta hanci a hankali kuna ƙirga uku, har ya ji cikinsa ya ɗaga hannun. Sa'an nan ya fitar da ita ta baki kamar mai hura koko mai zafi, kuna ƙirga biyar. Fitarwar ita ce muhimmiya, domin duk lokacin da mutum yake fitar da iska bugun zuciyarsa yakan ɗan ragu, don haka idan ta fi shaƙar tsawo jiki yakan lafa. A maimaita sau biyar. Kada ku ce ya riƙe numfashi, kada kuma ya yi ta haki da sauri, don jiri zai ɗebe shi. Ƙaramin yaro yana iya kwanciya rigingine a ɗora masa murfin kwano a ciki, ya riƙa kallon yadda yake hawa da sauka. Za su yi dariya. Ku bar su su yi.

Mai yawan fushi kuwa, ku ce ya dunƙule hannuwa kamar mai matse wanki, ya ɗage kafaɗu har kunne, ya ƙirga biyar, ya saki gaba ɗaya. Ku tambaye shi bambancin da ya ji. Ta haka yake gane lokacin da jikinsa ya fara ɗaurewa, kafin ya kai ga duka ko jifa.

Na san ranar kasuwa ba ta barin mutum ya zauna. Minti 5 bayan tuwon dare ya wadatar. Amma a koya wa yaro lokacin da hankalinsa yake kwance. Wanda ke tsakiyar ihu ba ya ɗaukar darasi. Ku yi tare da shi, domin abin da ya ga uwa ko uba na yi shi zai kwaikwaya. Ku kuma kula da barci: yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar sa'a 9 zuwa 12, wanda ya yi talla har dare kuwa ba zai samu ba.

Ba kowane saurin numfashi ba ne na tsoro. Idan ɗan shekara 1 zuwa 5 yana tari, kuma numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana zaune shiru, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya shaƙi iska, wannan alamar ciwon huhu ce, ku kai shi asibiti a ranar. Haka nan zazzaɓi, da jijjiga, da ciwon ciki mai tare da amai ko gudawa. Idan kuma firgita cikin barci, ko ƙin magana, ko ƙin abinci ya wuce wata guda, ko yaron ya ambaci cutar da kansa ko da sau ɗaya ne, ku zo da shi wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa, ko a wane ɓangare na iyaka kuke.