Tiren Ƙwalamar Yara: Shawarwari Ga Uwargida

Tsakanin tashi daga boko da tafiya Islamiyya akwai wata 'yar yunwa da ba ta jiran tuwo. A nan mai shago yake cin kasuwarsa da biskit da alawa da lemon kwalba. Hana yaro kuɗin kashewa ba ya kashe masa kwaɗayi, sai dai ya tarar da tire a gida wanda ya fi kantar shago ɗaukar ido.

1. Sayi abin da ake yayinsa. Mangwaro da bazara, karas da kankana idan amfanin noman rani ya shigo, gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa idan damina ta yi nisa. Sun fi araha, sun fi zaƙi. Ba sai kin nemi tuffa da inibi ba, gwanda da ayaba da gwaba sun wadatar.

2. Ki haɗa launi uku ko fiye: jan kankana, koren kokwamba, ruwan ɗorawar mangwaro ko karas. Ba ado kawai ba ne. Karas da gwanda da mangwaro suna ba jiki sinadarin bitamin A, mai taimaka wa ido, lemu da gwaba kuwa bitamin C. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar aƙalla giram 250 na kayan marmari da na lambu a rana, ɗan 6 zuwa 9 kuma giram 350. Da wuya miyar dare kaɗai ta cike wannan.

3. Kankana ruwa ce, ba ta riƙe ciki. A sa abu mai nauyi a gefe: dafaffen ƙwai an raba shi huɗu, awara, ƙuli-ƙuli, ko dafaffen dankalin Hausa.

4. Yi wasa da yankan. Bakin ƙaramin kofi yana fitar da kankana zagaye-zagaye. Yanka biyu na kokwamba su zama idanu, karas hanci, ɓarin lemu baki, ga fuska tana dariya. Abin da na ga ya fi tafiya da yara shi ne tsiren kayan marmari: a jera gwanda da ayaba da abarba a tsinke, a karya tsininsa, a miƙa wa kowa nasa. Yaron da ya rantse ba ya cin gwanda sai ki ga ya cinye, don kawai an ce masa tsire ne. Ayabar da aka yanka tana saurin yin baƙi, ki ɗiga mata lemon tsami.

5. Ajiye ɗan kwanon kindirmo a tsakiya don dangwale. In ana son zaƙi a markaɗa dabino a ciki maimakon sukari. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

6. Wannan ta fi sauran muhimmanci. Yaron da bai kai shekara 5 ba yana iya shaƙewa da ƙwayar gyaɗa, aya, gugguru, magarya ko ƙwallon dabino, kuma cikin ƙiftawar ido abin yake faruwa. A daka masa gyaɗar, a cire ƙwallo, a tsaga inibi a tsaye gida huɗu, a ɗan turara karas ya yi laushi. Tsinke ma ba nasa ba ne. A zaune za su ci, babba yana kusa, ba a guje-guje da abu a baki. Idan yayye da ƙanne za su haɗu a tire ɗaya, to a shirya shi daidai da bakin autan.

7. Wanke kankana da gwanda kafin wuƙa ta taɓa su, domin dattin ɓawo yana bin wuƙa ya shiga ciki. Abin da aka yanka kada ya wuce awa 2 a waje, da zafin bazara kuwa awa 1, kuma a rufe shi saboda ƙuda. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta hanta take taɓawa.

8. Ki bar su su sa hannu. Wannan ya ɓare ƙwai, wancan ya jera, ko da jerin ya fito a karkace. Sabon abu a sa shi kaɗan kusa da wanda suka saba, ba tilas ba faɗa. In an ƙi shi yau a sake kawowa jibi. Tiren dai ya zama ƙarami, a kuma fito da shi kamar awa 2 kafin abincin dare, kada a zo cin tuwo kowa ya ce ya ƙoshi.