Darasi: Kwandon Idin Tashin Yesu

Idin Tashin Ubangijinmu daga matattu, wanda a ke kira Ista, yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A wurinmu lokacin zafin bazara ke nan, amma a Turai lokacin ne sanyi ya ke wucewa, itatuwa su toho. Mutanen can suna da wata al'ada ta kwando wadda za mu iya koyon abu daga gare ta.

Ga asalinta. A dā masu bi na Turai ba su cin ƙwai cikin azumin kwana 40 kafin Idin. Kaji kuwa ba su san azumi ba, suna ta saka ƙwai. Sai mata su dafa shi su ajiye. Har yau a ƙasar Folan, ran Asabar ta jajiberen Idi, iyali sukan sa ƙwai da burodi da gishiri cikin kwando, su rufe da farin ƙyalle, su kai majami'a a sa albarka. A Amurka kuwa kwandon ya zama na yara, ana cika shi da alewa.

Ba sai mun kashe kuɗi ba. Ku nemo tsohon kwali, da tsohon zane, da almakashi, da basilla da zare. Amma kada ku taɓa kwalin da aka sa maganin ƙwari ko kananzir a ciki, gama abinci za a zuba.

1. Ku kifa faranti bisa kwalin, ku zāna kewayensa, ku yanke. Faɗinsa ya kai inci 12.
2. Ku sa gwangwani a tsakiya, ku zāna ƙaramin kewaye na inci 5. Wannan shi ne gindin kwando.
3. Ku tsattsaga daga baki zuwa ƙaramin kewayen, har a sami harsuna 11 ko 13, kuna rage ɗan siriri tsakaninsu. Kada su zama 10 ko 12, domin in haka ne ƙyallen zai riƙa bin gefe ɗaya, saƙa ba za ta kama ba.
4. Ku lanƙwasa harsunan su miƙe tsaye.
5. Ku yayyage zanen dogo dogo, faɗin inci ɗaya. Ku saƙa, gaban harshe ɗaya, bayan na biye, kuna dannawa ƙasa har ku kai baki.
6. Ku kitsa ƙyalle uku, ku ɗinka a gefe biyu ya zama mariƙi. Sa'an nan ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki.

In kuna so ku rina ƙwai, ku dafa shi tare da ɓawon albasa, zai fito ja-ja.

Kwando da ƙwai ba su ne bishara ba, kada mu bar yaranmu su zaci haka. Amma mu karanta masu Yohanna sura 6, inda Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya kuma sa almajiransa su tattara ragowar, har ta cika kwando 12. Shi wanda ya iya yawaita gurasa bai yarda a zubar da gutsattsari ba.

Saura abu guda. Kusan kowace ekklesiya tana da gwauruwa ko majinyaci wanda Idi zai same shi tukunyarsa a kife. In kwandonmu ya tsaya a ɗakinmu, tsumma ne kawai muka saƙa. Bari yaran su kai masu da hannunsu ran Lahadi da safe, ko da ƙwai uku ne da tafin gyaɗa, su gaishe su da labarin cewa Ubangiji ya tashi.

Tambayoyi: Don me harsunan ba za su zama 12 ba? Kwando nawa almajirai suka cika? Wa za ku kai wa naku bana?