Darasin Lissafi: Kashi Cikin Kashi

Manoman rani na Bakura, Talata Mafara da Maradun suna amfani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan gulbin Sakkwato a 1978. Filin ban ruwa yana da tsada. Wani abin da yake riƙe da shi bai ma cika eka ɗaya ba, kuma a ciki zai raba wa shinkafa da albasa.

A ce wani manomi a Birnin Tudu yana da 3/4 na eka, wato uku bisa huɗu. Ya dasa shinkafa a 2/3 na filin. Shinkafar nan ta ci eka nawa?

Idan an ce 2/3 na 3/4, ninkawa ake nufi. A rubuta haka: 2/3 × 3/4.

A ninka lambobin sama: 2 × 3 = 6.
A ninka lambobin ƙasa: 3 × 4 = 12.
An sami 6/12.

Amsa ta fito, amma aiki bai ƙare ba. Ba mai zuwa kasuwar Mafara ya ce shida bisa goma sha biyu. Sai a rage ta. A nemi lambar da za ta raba ta sama da ta ƙasa ba saura. A nan 6 ce: 6 ÷ 6 = 1, kuma 12 ÷ 6 = 2. Ashe 6/12 rabi ne, 1/2. Wanda bai hango 6 ba, ya fara da 2, ya sami 3/6. Ya sake rabawa da 3, ya sami 1/2. Duk ɗaya ne, sai dai hanyar ta fi tsawo. Sharaɗi guda: abin da aka raba sama da shi, da shi za a raba ƙasa.

Mai karatu ya lura, rabin eka bai kai 3/4 ba. Nan mutane ke ruɗewa, don sun saba ninkawa tana ƙara yawa. Kashi aka ɗiba daga cikin kashi, dole ya ragu.

A ce malamin gona ya ce buhu 4 na taki ga eka ɗaya. Rabin eka buhu 2 ke nan. Da manomin ya ɗauka 2/3 na eka ya dasa, da ya sayo buhu na uku.

Haka lissafin zakka yake. Hatsin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushuri, 1/10. Wanda aka shayar da inji ko jigo, rabin ushuri ne: 1/2 × 1/10 = 1/20. A buhu 40, buhu 2 za a fitar, ba 4 ba.

Aikin gida, a kai wa malamin aji:
1. 3/4 × 2/3
2. 2/5 × 5/6
3. Mata biyu za su raba tumunin gado, 1/8, daidai. Kowace nawa za ta samu?