Ga Mai Horas da Yara: Abin da Za Ka Yi da Halin Ɗan Wasa da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Da kai nake, koci. Kai mai usur a wuya da ke tara yaran unguwa a filin firamare bayan la'asar, da kai malamin motsa jiki, da kai ubangidan 'yan dambe, har da kai mahaifin da ke tsaye bakin fili kana ɗaga murya. Akwai hukuncin da kuka saba yanke wa yara cikin kalmomi huɗu: "ba shi da zuciya." A gabana aka kashe wa wani yaro wasa da shi.

Ɗan shekara 13 ne, siriri, mai tsaron baya ta hagu, magana ba ta dame shi ba. In ana masa faɗa sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Rannan aka zura musu ƙwallo ta gefensa. Kocin ya busa usur, ya kira shi tsakiyar fili, ya ce masa a gaban kowa, "Kai matsoraci ne, tafi gida ka taya babarka wanke-wanke." Yaron ya cire takalmin aro ya miƙa wa mai shi, ya fice ta inda katanga ta faɗi. Bai sake dawowa ba. Shi ne kuwa yake riga kowa zuwa kullum, shi ke ɗaure raga in ta yage. Saboda shi da ire-irensa na rubuta wannan, kuma ba zan sassauta ba.

Kada ka ce hali zanen dutse, ka rufe magana a nan. Karin maganar tana da gaskiyarta, mutum ba ya sauya hali kamar riga. Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan batu a fagen wasanni, tun 1925 da Coleman Griffith ya buɗe ɗakin bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka. Yau yawancinsu kan manyan ɗabi'u biyar suke auna mutum: son shiga jama'a, himma da kiyaye tsari, saurin damuwa, sauƙin kai wajen zama da mutane, da son gwada sabon abu. Abin da bincike ya yi ta maimaitawa, wanda Mark Allen da abokan aikinsa suka tattara a 2013, shi ne cewa masu wasanni sun ɗan fi sauran mutane son jama'a, waɗanda suka yi nisa sun ɗan fi himma da natsuwa, masu wasan ƙungiya kuma sun ɗan fi masu wasan mutum ɗaya sakin jiki da mutane. Ka riƙe wannan "ɗan" da na yi ta maimaitawa. Bambancin ƙarami ne, sai an tara ɗaruruwan mutane ake ganinsa. Ba zai gaya maka makomar yaro guda da ke tsaye gabanka ba. Lafiyar jiki, da abinci, da yawan atisaye, da irin kocin da Allah ya haɗa shi da shi, duk suna da nasu kason, kuma kason ba kaɗan ba ne.

Kada ka ɗauki shiru a matsayin tsoro. Wannan kuskuren ya fi yawa a wajenmu, domin mu ne muke koya wa yaro tun yana rarrafe cewa kada ya haɗa ido da babba, kada ya mayar da magana, kunya ado ce. Sai ya zo fili ya yi abin da aka koya masa a gida, kai kuma ka ce masa sanyi gare shi. Dubi N'Golo Kanté. Tsayinsa mita 1.68, kunyarsa ta zama abin labari, manyan makarantun ƙwallo na Faransa ba su ɗauke shi ba, yana ƙaramar ƙungiyar Suresnes har ya kusa shekara ashirin. Wannan mai shirun ya ci gasar Firimiya da Leicester a 2016, ya sake cinta da Chelsea a 2017, ya ɗauki kofin duniya a 2018. In kana son sanin zuciyar yaro, duba ƙafarsa a minti na tamanin, lokacin da kowa ya gaji, ka ga ko yana komawa baya neman ƙwallon da ba shi ya zubar ba.

Haka kuma kada cika baki ya ruɗe ka. Duk wanda ya taɓa zama gidan dambe ya ga ɗan damben da ya cika fili da kirari, ya yi tsuma har ana riƙe shi, aka kashe shi a turmin farko. Ya kuma ga wanda ya yi kirarin ya cika alkawari. Kirari ba ya tabbatar da komai, ba ya kuma ƙaryata komai.

Ka san kowane yaro shi kaɗai. Wannan ne aikin, kuma shi ne mafi wuya. Masani ɗan Rasha Yuri Hanin ya auna fargabar 'yan wasa kafin gasa, ya kwatanta da abin da suka yi a fili, ya gano cewa babu ma'auni ɗaya da ya dace da kowa. Wani sai gabansa yana dukan uku-uku yake yin abin kirki, wani kuma in bai natsu kamar ruwan randa ba wasansa ya lalace. Usain Bolt yakan yi raha da masu riƙe kaya, ya yi wa kyamara wasa, sannan ya tsuguna ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, kamar yadda ya yi a Berlin a 2009. Michael Phelps mai ninkaya kuwa yakan toshe kunne da waƙa, ya ɗaure fuska, ba ya kula kowa har ya faɗa ruwa. Da an tilasta wa ɗayansu ɗabi'ar ɗayan, da an cuce shi. Makaɗan dambe sun riga malaman jami'a sanin wannan, shi ya sa kowane gwani da takensa. To kai ma ka nemi taken kowane yaronka. Ka sayi ƙaramin littafi. Bayan kowane wasa ka tambayi yara biyu ko uku, kowa a keɓe, yadda suka ji a jikinsu kafin a take, ko sun yi barci, ko sun iya cin abinci. Ka rubuta, ka rubuta yadda suka taka a gefe. Kafin kaka ɗaya ta ƙare za ka san wanda yake buƙatar zuga da wanda yake buƙatar a dafa kafaɗarsa a ƙyale shi.

Saboda haka kada ka tara yara goma sha ɗaya ka yi musu ihu iri ɗaya kafin wasa. Rabinsu za ka ɗaga, rabin kuma ka karya musu gwiwa.

Kada ka zagi yaro a gaban 'yan uwansa, ko da wasa, ko da kana ganin haka aka yi maka ka zama mutum. A Amurka, Ronald Smith da Frank Smoll sun shafe shekaru suna nazarin masu horas da yara. A wani binciken da aka buga a 1992, an koya wa wasu koci-koci su riƙa yaba ƙoƙari, su gyara kuskure ba tare da wulaƙanci ba, aka bar wasu yadda suke. Da kaka ta zagayo, kashi 5 cikin ɗari ne kawai na yaran rukunin farko suka daina wasa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 26. Yawan nasarar ƙungiyoyin bai bambanta ba. Kuma ayyukansu sun nuna cewa yaran da ba su yarda da kansu ba su ne suka fi jin tasirin halin koci, in alheri in sharri. Wato wanda kake ganin zagi zai farkar da shi, shi ne zagin ya fi karyawa. Ka yi gyara, ka yi shi da ƙarfi ma in ta kama, amma ka ja yaro gefe, ka faɗi abin da ya yi da abin da zai yi nan gaba. Sunan "rago" ko "sakarai" kada ya fita daga bakinka, domin yara za su ɗauka, ya bi shi har gida.

Kada ka yanke wa mutum hukunci da rana ɗaya. Duk ɗan Najeriyar da ya kalli kofin duniya na 1994 bai manta Roberto Baggio ba. Saura minti biyu mu fitar da Italiya ya farke, ya ƙara ta biyu da fenariti a ƙarin lokaci. Shi ɗin dai, ranar 17 ga Yuli a Pasadena, ya ɗaga ƙwallo sama da raga a bugun ƙarshe, Brazil ta ɗauki kofi. Mutum ɗaya ne, wata ɗaya ne. Wa zai ce wanda ya kore mu ba shi da zuciya? Matsi yana kayar da gwani, kuma ana koyon jure shi. Geir Jordet na Norway ya yi nazarin bugun fenariti na manyan gasa ya ga cewa masu garaje, waɗanda ke rugawa da jin usur don su rabu da abin, sun fi zubarwa. To ka koya wa yaranka su ajiye ƙwallo da hannunsu, su ja baya, su ja numfashi, sannan su buga. Ka sa su yi haka a ƙarshen atisaye, a gajiye, sauran yara na yi musu ihu. Wannan ya fi amfani da ka zaɓi "masu zuciya" biyar ka mayar da sauran 'yan kallo.

Ka yi wa mai zafin kai linzami, kada ka yi alfahari da shi. Mun iya yabon yaro mai faɗa, mu ce namiji ne. Zinedine Zidane, wanda babu mai musun gwanintarsa, an ba shi jan kati a kofin duniya na 1998 don ya taka ɗan Saudiyya, an sake ba shi a minti na 110 na wasan ƙarshe a 2006 don ya tunkuyi Marco Materazzi a ƙirji. Faransa ta je bugun fenariti babu shi, Italiya ta ɗauki kofi. Abokan hamayya suna nazarin mai saurin fushi kamar yadda suke nazarin mai gudu, su san maganar da za su raɗa masa. In kana da irin wannan yaro, kada ka kore shi, wutar da ke cikinsa dukiya ce. Ka sa a tsokane shi da gangan a atisaye, ku yi yarjejeniya kan abin da zai yi in ransa ya ɓaci, ya juya baya ya taka goma. Ran da ya saɓa, ya zauna a benci, ko da shi ne mai ci muku ƙwallo.

Ka fifita mai zuwa kan lokaci. Cikin ɗabi'un nan biyar, himma da kiyaye tsari ita ce ta fi bin ɗan wasa zuwa nesa, kuma ita ce wadda kai kanka za ka iya shukawa. Sa lokaci ka riƙe shi. Kai ma kada ka makara.

Kada ka kori yaro saboda takardar gwajin hali, ko ta intanet ce ko wani ne ya kawo ta da sunan ilimi. An yi wannan yayin a Amurka tun shekarun 1960, lokacin da Bruce Ogilvie da Thomas Tutko suka fito da gwajin da ƙungiyoyi suka yi ta saye don tace 'yan wasa, masana da dama kuma suka soke shi cewa ba ya hango wanda zai yi fice. Yaron da ya san amsarsa ce za ta ba shi riga, abin da kake son ji zai rubuta. Irin wannan gwaji yana da amfani a hannun ƙwararre, don a fahimci ɗan wasa a taimake shi.

Kada ka kau da kai in yaro ya fara sayen zuciya a kemis. Wanda aka yi ta ce wa matsoraci, wata rana wani zai miƙa masa tiramol ya ce ga maganin tsoro. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun Janairun 2024, amma tun kafin dokar ya gama da samari da yawa a garuruwanmu. In ka gani ka yi shiru don ana cin wasa, da hannunka a ciki.

Ka bambanta hali da ciwo. Yaron da aka sani da fara'a, ya koma ba ya magana, ba ya barci, ya rame, ya daina jin daɗin wasan da yake mutuwar so, wannan ba miskilanci ya koya ba. Robert Enke, mai tsaron gidan Hannover da ƙasar Jamus, ya yi shekara da shekaru yana ɓoye ciwon tsananin damuwa don gudun abin da za a ce, har ya kashe kansa ranar 10 ga Nuwamba 2009 yana da shekara 32. Simone Biles mai wasan alkafura kuwa ta faɗa. Ta janye ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 da ta ji hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare a sama, aka yi mata ca, aka kira ta raguwa. Ta nemi taimako, ta dawo Paris a 2024 ta ci zinare uku da azurfa ɗaya. In ka ga alamun nan a yaronka, ka zauna da shi, ka sami iyayensa, a yi addu'a a kuma kai shi wurin likita. Kada ka ce masa ya daure shi namiji ne.

Kai kuma uba, kada ka auna ɗanka da ɗan maƙwabci, kada kuma ka tura mai son kaɗaici cikin ƙwallon ƙafa dole alhali ga gudu, ga keke, ga kokawa. In ya dawo daga wasa, fara ba shi ruwa da abinci kafin ka tambayi sakamako.

Koci, akwai yaron da ya daina zuwa filinka, kuma ka san abin da ka faɗa masa ranar ƙarshe. Ka san gidansu. Je ka yi sallama da mahaifinsa, ka ce a turo maka shi gobe bayan la'asar.